Halo ya nufi PlayStation: Wane wasan gem ne har yanzu za a ce na na'ura ɗaya ne?

A watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya sanar da abin da masu buga gem da dama ba su taɓa zaton gani ba: wasan Halo zai fito a na'urar PlayStation 5 ta kamfanin Sony.

Ga wanda bai saba da harkar ba, wannan tamkar a wayi gari ne a ga kyaftin ɗin Barcelona sanye da rigar Real Madrid. Da Halo aka ƙaddamar da Xbox ta farko a shekarar 2001, kuma fiye da shekara 20 shi ne tutar da masoya Xbox ke ɗagawa idan gardama ta kaure tsakaninsu da 'yan PlayStation.

Watanni biyu kafin wannan sanarwa, a ranar 26 ga Agustan 2025, an ga wani abin mamakin. Wasan Gears of War na Microsoft ya shiga PlayStation, a rana guda kuma wasan Helldivers 2 na Sony ya shiga Xbox. Kowanne ya aika ɗansa gidan abokin hamayya.

Wannan ya sake tayar da tsohuwar tambaya: idan kamfani ya ce wasa keɓantacce ne ga na'urarsa, me yake nufi? Wasan da ke Xbox da kwamfuta, keɓantacce ne? Wanda zai yi shekara ɗaya a PlayStation kafin ya yaɗu fa?

Amsar ta shafi aljihu. A Amurka, farashin PlayStation 5 mai cin faifai ya tashi daga dala 499 zuwa kusan dala 550 a watan Agustan 2025. Xbox Series X ta kai kusan dala 650 a watan Oktoba na shekarar, ita kuwa Switch 2 ta Nintendo ta fito a kan dala 450. Idan aka juya kuɗin zuwa naira ko sefa, maganar dubban ɗaruruwa ake yi. Wanda zai kashe wannan saboda wasa ɗaya da aka ce ba a samunsa a ko'ina, ya kamata ya san gaskiyar wannan alƙawari.

Dalilin da ya sa ake keɓe wasa tun farko

Kamfanonin na'urorin gem ba daga sayar da na'urar suke samun babbar riba ba. A shari'ar da aka yi tsakanin Epic Games da Apple a 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba daga sayar da na'urar Xbox kanta ba.

Ribar tana cikin abin da ke biyo baya. Duk wasan da aka saya a kantin intanet na PlayStation ko na Xbox, mai na'urar kan ɗauki kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin. Ga kuma kuɗin da ake biya wata-wata don buga wasa da wasu ta intanet.

Ke nan babban aikin kamfani shi ne ya shigar da na'urarsa ɗakin mutum. Da zarar ta shiga, ciniki ya buɗe na tsawon shekaru. Keɓantaccen wasa kuwa shi ne tsabar da ake watsawa don kaza ta shigo akurki.

Haka Nintendo ya yi da Mario, haka Sega ya yi da Sonic daga 1991. A wancan zamanin maganar a fili take: idan kana son Sonic, sai ka sayi na'urar Sega. Sai da Sega ya daina ƙera na'ura a 2001 sannan aka ga Sonic a na'urar Nintendo.

Amma ko a lokacin akwai ɓaraka. Final Fantasy VII, wasan da ya ɗaga PlayStation ta farko a 1997, ya fito a kwamfuta a 1998. Shi kansa Halo na farko ya isa kwamfuta a 2003. Mutane ba su damu sosai ba, domin ana kallon kwamfuta a matsayin wata duniya daban.

Shin kwamfuta na cikin lissafi?

A nan ne gardamar ta fi zafi a yau.

Tun 2016 Microsoft ya fara fitar da wasanninsa a Xbox da kwamfuta mai Windows a rana ɗaya. Daga baya ya riƙa sa su har a Steam, kantin wasannin kwamfuta mafi girma, mallakar kamfanin Valve. Starfield, wanda ya fito a watan Satumban 2023, ya zo a Xbox da kwamfuta, babu PlayStation.

Mai kwamfuta zai ce Starfield ba keɓantacce ba ne, tun da ya buga shi ba tare da ya sayi Xbox ba. Mai PlayStation kuwa zai ce keɓantacce ne mana, tun da shi an hana shi a lokacin da wasan ya fito. Kowannensu na da gaskiya ta inda yake tsaye.

Don a fita daga wannan ruɗani, kamfanoni suka ƙirƙiro wani sabon furuci: wasa ya keɓanta "a tsakanin na'urorin gem". Ma'ana, ana samunsa a kwamfuta, amma a cikin na'urorin da ake jonawa da talabijin, ɗaya ce kawai ke da shi. Sony ma ya yi amfani da wannan salo. Street Fighter V na kamfanin Capcom ya fito a 2016 a PlayStation 4 da kwamfuta, kuma bai taɓa shiga Xbox ba.

Idan aka duba da kyau, za a ga cewa irin wannan yarjejeniya ba ta damu da inda wasa zai je ba. Abin da ta damu da shi shi ne inda ba zai je ba. Kamfanin da ya biya kuɗin, kishiya ɗaya yake son rufe wa ƙofa.

Akwai masu cewa tun da Windows na Microsoft ne, wasan da ke Xbox da kwamfuta bai bar gida ba. Hujjar tana da rauni. Idan mutum ya sayi wasan a Steam, kason kanti na Valve ne. Kuma akwai na'urar hannu ta Steam Deck da ta fito a 2022, wadda ba ma Windows take amfani da shi ba, amma tana buga da yawa daga cikin waɗannan wasanni.

Keɓewa mai wa'adi

Nau'i na biyu shi ne wanda ya fi jawo cizon yatsa. Kamfanin na'ura zai biya mai haɗa wasa kuɗi don ya jinkirta kai shi wa abokan hamayya na wata shida ko shekara, wani lokaci fiye da haka. A tallar, sunan na'urar ake rubutawa da manyan baƙaƙe. Maganar wa'adi kuwa sai a ƙasan allo, da ɗan ƙaramin rubutu, idan ma an rubuta.

A watan Agustan 2014, a bikin baje kolin wasanni na birnin Kolon a Jamus, Microsoft ya sanar da cewa Rise of the Tomb Raider zai keɓanta ga Xbox. Masoyan wasan, waɗanda da yawansu a PlayStation suka san shi tun shekarun 1990, suka fusata. Daga baya shugaban sashen Xbox na lokacin, Phil Spencer, ya amince cewa yarjejeniyar tana da wa'adi. Wasan ya fito a Xbox a Nuwamban 2015, a kwamfuta a Janairun 2016, sannan a PlayStation 4 a Oktoban 2016.

Sony ma gwani ne a wannan fage. Sabon Final Fantasy VII da aka sake ginawa ya fito a PlayStation 4 a Afrilun 2020, ya isa kwamfuta a Disamban 2021, masu Xbox kuwa suka yi ta jira shekara da shekaru. Final Fantasy XVI ya fito a PlayStation 5 a Yunin 2023, ya je kwamfuta a Satumban 2024, sannan Xbox a Yunin 2025.

Labarin Deathloop ya fi kowanne ban dariya. Sony ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin Bethesda cewa wasan ba zai shiga Xbox ba na tsawon shekara guda. Kafin wasan ya fito, sai Microsoft ya saye uwar kamfanin Bethesda ɗungurungum a kan dala biliyan 7.5, cinikin da aka kammala a Maris ɗin 2021. Sakamakon haka, a Satumban 2021 aka ga wasan da Microsoft ya mallaka yana PlayStation 5 da kwamfuta, alhali babu shi a Xbox. Sai bayan shekara ɗaya cif ya shigo gida.

A gaban kotu a 2023, Spencer ya ce irin waɗannan yarjejeniyoyi na Sony, da kuma jin cewa Starfield ma zai iya tsallake Xbox, na cikin abin da ya sa suka sayi Bethesda.

Wasannin Sony na cikin gida

Shekaru da dama, wasannin da Sony ya haɗa da kansa su ne misalin keɓewa ta haƙiƙa. Wannan ya fara sauyawa a Agustan 2020, lokacin da Horizon Zero Dawn, wanda ya fito a PlayStation 4 a 2017, ya bayyana a kwamfuta.

Daga nan ƙofa ta buɗe. God of War na 2018 ya isa kwamfuta a Janairun 2022. Spider-Man na 2018 ya biyo baya a Agustan 2022. Ghost of Tsushima na 2020 ya zo a Mayun 2024. A 2021 Sony ya ma sayi wani kamfanin ƙasar Holan mai suna Nixxes, wanda ya ƙware wajen mayar da wasannin na'ura zuwa kwamfuta.

Tazarar kuma ta riƙa raguwa. God of War na 2018 ya yi kusan shekara huɗu kafin ya fita. God of War Ragnarök bai cika shekara biyu ba. Spider-Man 2 ya fito a Oktoban 2023, kuma a Janairun 2025 yana kwamfuta. Helldivers 2 kuwa, da yake wasa ne da ake bugawa da jama'a ta intanet, rana ɗaya ya fito a wuraren biyu a Fabrairun 2024, kuma ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin mako 12.

Duk da haka ba kowane wasa Sony ya saki ba. Bloodborne na 2015 ya shafe shekara goma a PlayStation kaɗai, duk da roƙon da masu kwamfuta suka daɗe suna yi. Astro Bot, wanda ya lashe kyautar gwarzon wasan shekara a Disamban 2024, a PlayStation 5 kawai ya fito. Babu wata doka da kamfanin ya ɗaure kansa da ita. Shi ke zaɓar wanda zai fita da wanda zai zauna, kuma yana iya sauya ra'ayi duk lokacin da lissafinsa ya sauya.

Wani lokaci kuma ba mai haɗa wasan ke da ta cewa ba. Wasan ƙwallon sanda na MLB The Show, ma'aikatan Sony ne ke haɗa shi, amma lasisin na hukumar gasar ce ta Amurka. A 2021 wasan ya shiga Xbox. Death Stranding ma, wanda ya fara a PlayStation 4 a 2019, ya shiga Xbox a Nuwamban 2024 bayan kamfanin Hideo Kojima ya karɓe mallakarsa gaba ɗaya.

Darasin a nan shi ne, wanda ya mallaki sunan wasa shi ke yanke inda zai je.

Keɓewa a cikin kwamfuta ɗaya

Su ma masu kwamfuta ba su tsira ba. A Disamban 2018 Epic Games, mai wasan Fortnite, ya buɗe kantinsa don gogayya da Steam. Ya ce kashi 12 cikin 100 kawai zai riƙa ɗauka, a maimakon kashi 30 da Steam ke ɗauka a kan mafi yawan wasanni. Sannan ya fara biyan masu haɗa wasa don kada su sayar a Steam.

Makonni kaɗan kafin fitowar Metro Exodus a Fabrairun 2019, aka cire shi daga Steam aka mayar da shi kantin Epic na shekara guda. Borderlands 3 ma ya yi wata shida a can.

A nan ba a buƙatar sayen sabuwar na'ura. Kwamfutarka ce dai, manhaja ta biyu kawai za ka sauke kyauta. Shi ya sa wasu ke cewa bai cancanci a kira shi keɓewa ba. Waɗanda suka yi fushi kuwa sun ce an raba su da inda abokansu da tarin wasanninsu suke, kuma an hana su zaɓin kantin da suka fi yarda da shi.

Juventus da ta koma Piemonte Calcio

Nau'in keɓewar da masu buga ƙwallo a gidajen gem suka fi sani ba ta shafi na'ura ba sam.

Duk wanda ya buga FIFA 20 zai tuna cewa babu Juventus a ciki. Akwai dai wata ƙungiya mai suna Piemonte Calcio, da Cristiano Ronaldo a gaba, amma babu tambarin kulob ɗin, babu rigarsa ta gaske. Dalili shi ne kamfanin Konami na Japan, mai wasan PES wanda ya koma eFootball, ya sayi keɓantaccen lasisin Juventus a 2019. Sai a FIFA 23 ƙungiyar ta dawo da sunanta.

Haka gasar Zakarun Turai ta yi shekaru a hannun Konami kafin ta koma hannun EA a 2018. A baya-bayan nan kuma Inter Milan da AC Milan sun ɓace da sunayensu na gaske daga wasan EA saboda yarjejeniyarsu da Konami.

Kamfanonin na'ura ma suna sayen irin waɗannan gutsattsari. Shekaru da dama masu Xbox kan samu sababbin filayen yaƙi na Call of Duty wata ɗaya kafin kowa. A 2015 Sony ya karɓe wannan dama. A wasan Marvel's Avengers na 2020, masu PlayStation ne kaɗai aka bai wa Spider-Man, duk da cewa kuɗi ɗaya kowa ya biya.

Inda kwamfuta ce ke jira

Akwai kuma juyin waina. Kamfanin Rockstar ya saba fitar da manyan wasanninsa a PlayStation da Xbox, ya bar masu kwamfuta a layi. GTA V ya fito a Satumban 2013, bai isa kwamfuta ba sai Afrilun 2015. Red Dead Redemption na 2010 sai da ya shekara 14 kafin ya je. Da aka sanar da GTA VI, PlayStation 5 da Xbox Series kawai aka ambata.

Ba a cika kiran wannan keɓewa ba, tun da na'ura biyu ne ke da wasan. Amma ga wanda ya tara kuɗi ya haɗa kwamfutar gem, sakamakon ɗaya ne.

A ɗaya ɓangaren, akwai wasannin da ke kwamfuta kaɗai tun fil azal, irin su World of Warcraft na 2004, da Dota 2, da Counter-Strike 2. Babu wanda ya biya don a hana su zuwa na'ura. Tsarinsu ne ya fi dacewa da allon rubutu da linzamin kwamfuta, ko kuma masu su ba su ga ribar kai su can ba. Keɓewar da ta zo da kanta daban take da wadda aka saya da kuɗi, ko da yake mai na'ura ba zai ga bambancin ba.

Me ya sa katangar ke rushewa?

Babban dalili shi ne tsada. A shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Microsoft a 2023, wasu takardun Sony da ba a goge sirrinsu da kyau ba sun nuna cewa The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma dala miliyan 212. Manyan wasanni yanzu kan ɗauki shekara biyar ko fiye ana haɗa su.

Wasan da ya ci wannan kuɗi yana buƙatar masu saye miliyoyi kafin ya mayar da uwar kuɗi. Sony ya sayar da PlayStation 5 fiye da miliyan 80 zuwa 2025, don haka yana da ɗan sarari. Microsoft kuwa ya daina bayyana adadin Xbox da ya sayar tun 2015, kuma a takardun da ya gabatar wa kotu ya amince cewa shi ne na uku, bayan Sony da Nintendo.

Kamfanin da ke na uku, wanda kuma ya kashe dala biliyan 68.7 wajen sayen Activision Blizzard, ba zai iya ɓoye wasanninsa ga ƙananan masu saye ba. A Fabrairun 2024 Spencer ya ce wasanni huɗu za su je wasu na'urori. Su ne Pentiment, da Hi-Fi Rush, da Grounded, da Sea of Thieves. A 2025 aka ƙara da Indiana Jones da Forza Horizon 5 da Gears of War, sannan aka zo kan Halo.

Square Enix, mai Final Fantasy, ya kai ga irin wannan matsaya. A Mayun 2024 ya sanar da cewa zai koma fitar da manyan wasanninsa a na'urori da dama.

Hukumomi ma sun sa baki. Fargabar cewa Microsoft zai janye Call of Duty daga PlayStation ita ce ƙashin bayan ƙorafin Sony a kan cinikin Activision. A Yulin 2023 kamfanonin biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar ci gaba da kawo wasan PlayStation na shekara goma. Hukumar Birtaniya kuwa wata keɓewa ta daban ta hango. Ta fara hana cinikin a Afrilun 2023 saboda tsoron Microsoft zai mamaye fagen buga wasa kai-tsaye ta intanet, inda wasan ke gudana a manyan kwamfutocin kamfani, hoton kawai ke zuwa wayarka ko talabijin. Sai da aka miƙa wa kamfanin Ubisoft na Faransa wannan haƙƙi sannan ta amince a Oktoba.

Wannan ya nuna inda sabuwar katanga take. A Oktoban 2024 Microsoft ya sayar da Call of Duty: Black Ops 6 a PlayStation a cikakken farashi, amma samunsa a ranar fitowa cikin kuɗin wata-wata, a tsarinsa na Game Pass kawai aka yi.

Layin ya ƙara dushewa da fitowar ROG Xbox Ally a Oktoban 2025, na'urar hannu da kamfanin Asus ya ƙera da sunan Xbox. Windows ke cikinta, tana buɗe Steam. Ke nan mutum na iya buga God of War na Sony a kan na'ura mai ɗauke da tambarin Xbox.

Nintendo bai motsa ba

A cikin manyan ukun, Nintendo ne kaɗai ya riƙe tsohuwar ma'ana. Manyan wasannin Mario da Zelda ba sa zuwa kwamfuta, ba sa zuwa PlayStation. Ya dai fitar da 'yan ƙananan wasanni a waya, kamar Super Mario Run a 2016 da Mario Kart Tour a 2019, amma ba su ne na cikin na'urar ba.

Kuma abin yana yi masa aiki. Switch ta farko ta haura miliyan 150. Mario Kart 8 Deluxe ya sayar da kwafi fiye da miliyan 60 a na'ura ɗaya tilo. Switch 2 ta sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu da fitowarta a Yunin 2025.

Nintendo na tsare wannan katanga har a kotu. A 2024 ya maka masu manhajar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch a kan kwamfuta. Suka amince su biya dala miliyan 2.4, suka kuma rufe manhajar.

Keɓewar da ta shafi ƙasa

Akwai wani nau'in da ba a sa shi a talla, kuma shi ne ya fi taɓa masu gem a wannan yanki.

A farkon Mayun 2024 Sony ya ce duk mai buga Helldivers 2 a kwamfuta sai ya buɗe asusun PlayStation Network. Matsalar ita ce ba kowace ƙasa ke cikin jerin da ake zaɓa wajen buɗe wannan asusu ba. Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru duk ba sa ciki, shi ya sa masu PlayStation a nan kan zaɓi Amurka ko Birtaniya idan za su yi rajista.

Bayan ƙorafi ya yi yawa, Sony ya janye dokar cikin kwanaki kaɗan. Amma an riga an dakatar da sayar da wasan a Steam a ƙasashe da yankuna fiye da 170, kuma wasu wasannin Sony da suka biyo baya ma haka aka yi musu. Sai a tsakiyar 2025 aka sassauta wa da yawa daga cikin ƙasashen.

Na tsawon wannan lokaci, wasan da aka ce ya fito a kwamfuta bai fito ga mai kwamfuta a Kano ko Maraɗi ba, sai dai ta bayan gida.

Abin da mai saye zai tambaya

Idan aka tattara, kalmar keɓantacce ita kaɗai ba ta gaya wa mai saye komai a yau. Sai an haɗa ta da tambayoyi.

Ta farko: wa aka hana? Idan kwamfuta na da wasan, kuma kana da kwamfuta mai ƙarfi, babu abin da aka hana ka.

Ta biyu: har zuwa yaushe? A duba ƙaramin rubutun da ke ƙarshen talla. Idan an ambaci wata shida ko shekara, wasan na nan tafe.

Ta uku: wa ya mallaki wasan? Idan na wani kamfani ne daban, kamar Square Enix ko Capcom ko Konami, akasari wa'adi ne, ko da yake misalin Street Fighter V ya nuna cewa wani wa'adin ba ya ƙarewa. Idan na Microsoft ne, abin da aka gani tun 2024 na nuna cewa yana iya zuwa ko'ina. Idan na Sony ne, da yawa sun je kwamfuta bayan shekara ɗaya zuwa huɗu, wasu kuma ba su je ba, don haka ba abin dogaro ba ne. Idan na Nintendo ne, sai na'urar Nintendo.

Ga mai shirin buɗe gidan gem, lissafin ya ma fi sauƙi. Wasannin da ke tara matasa, irin su ƙwallon EA da eFootball da Mortal Kombat da GTA V, suna nan a PlayStation da Xbox da kwamfuta. Abin da zai duba shi ne na'urar da abokan cinikinsa suka saba da ita, da wadda ake samun faifanta da mai gyaranta a kasuwar garinsu.

Shi kuwa wanda wasa ɗaya ne ya ɗauki hankalinsa, ya kamata ya auna nawa haƙurin shekara ɗaya ko biyu zai rage masa. Masu PlayStation da suka ƙi sayen Xbox saboda Forza Horizon 5 sun jira daga Nuwamban 2021 zuwa Afrilun 2025, wasan ya same su har gida. Masu kwamfuta da ke jiran Bloodborne kuwa sun cika shekara goma ba su gan shi ba.